Fuska Tar, Gari Cikin Hazo

Ranar nan ina kallon wani fim mai dogon zango a YouTube, sai na gano abin da ya daɗe yana ci min rai. Fuskar jarumar ta fito tar, har gashin idonta kana iya ƙirgawa, amma duk abin da ke bayanta ya narke ya zama hazo. A Kano aka ɗauka ko a Kaduna? Oho.

Kyamarar zamani ce ta zo da wannan yayi. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008, kyamarar hoto mai ɗaukar bidiyo, ire-irenta suka yi sauƙin samu. Allon karɓar haske da ke cikinsu faffaɗa ne, da an buɗe idon gilashin sosai sai mutum ya fito fili, bayansa ya dushe. A da sai manyan kyamarorin silima ke iya haka, shi ya sa masu ɗaukar hotonmu suka rungume shi hannu bibbiyu, wai fim ya yi kama da na waje.

Ba na kewar kaset, kada a yi min mummunar fahimta. Wanda ya kalli finafinan da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 ya san yadda launi ke zuba, murya na shaƙewa. Sai dai kyamarar VHS, duk da rauninta, ba ta iya ɓoye komai. Jarumi na magana, kana ganin zaure da katangar ƙasa, ga akuya ta gifta, ga yaro ya leƙo yana dariya. Yau in kana son sanin yadda lungunan Kano suke shekaru talatin baya, waɗannan kaset ɗin ne shaidarka.

Dusar da baya yana da amfaninsa, musamman in ana son a kaɗaita mutum da baƙin cikinsa. Amma a wurinmu ya zama mayafin rufa asiri: ba a gyara lokeshan ba, ba a yi tunanin abin da zai zauna a bango ba, a dusar kawai a wuce. Darakta ya huta, mai kallo ya rasa inda yake.

In kuma an tuna da gari, sai a tashi jirgi marar matuƙi, ya nuno gadar Ƙofar Nasarawa daga sama na daƙiƙa biyar, a koma falo.