Zanen "Tutu" na Ben Enwonwu: Tsokaci a Kan Dangantakar Mai Zane da Aikinsa

Manazarta da dama sun ɗauki zanen "Tutu" a matsayin alamar sulhu, ganin cewa Ben Enwonwu (1917-1994) ɗan ƙabilar Ibo ne daga Anacha, ita kuwa Adetutu Ademiluyi jinin sarautar Ife ce, kuma an yi aikin jim kaɗan bayan Yaƙin Basasa (1967-1970). Wannan fassara tana da madogara, sai dai ta kau da kai daga yadda aikin ya samu.

Abin lura shi ne, Enwonwu ya zana wannan fuska har sau uku tsakanin 1973 da 1974, lokacin yana Farfesa a Jami'ar Ife. Da kamanni kaɗai yake nema, da zane ɗaya ya wadatar. Maimaitawar tana nuni da cewa akwai wata sifa a zuciyarsa da yake fafutukar fitarwa. Ya tsawaita wuya, ya karkata fuska, ya rage adon bayan hoton. Irin wannan tsawaitawa ta riga ta bayyana a mutum-mutuminsa na tagulla, "Anyanwu" (1954-1955). Ke nan sifar da ya shekara ashirin yana reno ce ya ɗora wa Adetutu.

Sayar da ɗaya daga cikin zanen da aka yi a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2 ya ƙara janye hankali zuwa ga labari da farashi. A ra'ayinmu, duk mai son fahimtar tunanin Enwonwu, wajibi ne ya fara daga abin da hannunsa ya yi ta maimaitawa.