Malamin Shari'a a Matsayin Mai Adana Tarihin Kiɗa: Sake Karanta Abdullahin Gwandu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin bin tarihin kiɗan fada a ƙasar Sakkwato. Ban yi nisa ba na lura cewa cikakken bayani, mai sunaye da shekaru, yakan fara ne daga irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, wato waɗanda faifai da rediyo suka riska. Abin da ya gabace su sai a dunƙule shi da cewa kiɗa daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Da na kai kukana ga wani dattijo da nake ɗaukar karatun zaure a wurinsa a nan Ƙofar Marke, sai ya ce, "Ɗana, in kana neman makaɗan da, tafi wurin waɗanda suka yi faɗa da su." Wannan magana ce ta kai ni ga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda.

An san Abdullahi da fiƙihu da tafsiri da nahawu. Ƙanen Shehu ne kuma almajirinsa, yana cikin jagororin yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, daga baya aka danƙa masa yammacin daula, ya rasu a Gwandu a 1829. Amma lokacin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne wajen 1807, sa'ad da ransa ya ɓaci da halin wasu 'yan jama'a, ya bar su da niyyar tafiya Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen garin suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya komo gida.

Akwai ƙasidar da ya yi game da wannan fushi, wadda ya saka a cikin Tazyinul Waraƙati. A cikinta ya jera abubuwan da ya ga sun shagaltar da sababbin masu iko: tara dukiya, tufafin alfarma, dawakin ado, cin hanci, sannan kayan busa da na kiɗa. Malamai sukan karanta wannan jeri a matsayin wa'azi, kuma wa'azin ne. Mai bin tarihin kiɗa kuwa shaida ya samu mai tsada. Shekara uku kacal bayan Tabkin Kwatto, ganga ta riga ta isa ƙofar waɗanda suka yi jihadi. A fahimtata, makaɗan da suka rayu a inuwar sarakunan Haɓe iyayen gida kawai suka sauya, kuma ɓacin ran Abdullahi ne ya bar mana ranar wannan sauyi.

Inda ya ajiye ganga a cikin jerin nan ma abin lura ne. Kusa da cin hanci da almubazzaranci ya sa ta. Mutumin da ya tsara ƙasidu masu yawa, ya mallaki aruli kamar tafin hannunsa, da wuya a ce kunnensa bai san daɗin kari ba. Abin da ya tsorata shi shi ne aikin da ganga ke yi a fada: ita ke sanar da talaka cewa wannan mutum ya fi shi, ita ke mayar da jagoran jama'a sarki. Shi ya sa saɓaninsa da yayansa kan kiɗa ya zo tare da saɓani kan laƙabin sarauta da sa kayan ado. Shehu da kansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen mulkin da suka yaƙa, ya keɓe kiɗan da ke da manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Amma a Najmul Ikhwani, wajen 1812, ya sassauta, yana jan kunnen almajirai kada su tsananta a abin da malamai suka yi saɓani a kai. Abdullahi a Liya'us Sulɗani bai sauka daga ra'ayinsa ba. Wa da ƙane, malami da almajiri, suna musayar hujja a rubuce kan ganga, kuma girmamawar da ke tsakaninsu ba ta taɓu ba.

Duk da haka, tarihin da aka ciro daga alƙalamin alƙali yana da naƙasa, kuma ba zan ɓoye ta don girman marubucin ba. Da Larabci aka yi rubutun, da kalmomin da aka gada daga littattafan Malikiyya na Masar da Magrib: ɗablu, duffu, mizmaru, udu. Kalangu da kotso da taushi da tambari duk sai su nutse a cikin kalma ɗaya, alhali a wurin Bahaushe kowanne da ubangidansa da ranar fitarsa. Sau da yawa mai karatu zai tsaya yana tambayar kansa ko Gobir ake kwatanta masa, ko kuwa hukuncin wani malamin Alƙahira ake maimaitawa. Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne, a duk waɗannan shafuka makaɗi ba shi da suna, ba shi da gari, ba a ji bakinsa ba. Wanda ake tuhuma ne da aka yanke wa hukunci ba ya nan. Malamin shari'a ya zama mai tace tarihi ba da niyya ba: abin da hukunci ya buƙata ya shiga takarda, saura ya tafi da masu shi.

Wanda ya tattara waɗannan nassoshi ya nazarce su ta fuskar kiɗa Bajamushe ne, Veit Erlmann, a littafinsa na 1986, da Turanci. Namu masana, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da Shata Ikon Allah! a 2006, sun yi abin da fiƙihu bai yi ba, sun mayar wa makaɗi sunansa da asalinsa. Sai dai ayyukan biyu ba su cika haɗuwa a hannun ɗalibi ɗaya ba. Mai karatun Hausa yana ganin Liya'u na 'yan Larabci ne, mai karatun Larabci kuma yakan tsallake babin kiɗa da sauri, kamar mai wuce kwata.

A aikace dai sassaucin Shehu ne ya yi rinjaye, tunda Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Da na koma wa dattijon nan da abin da na samo, na tambaye shi wane abin busa Abdullahi yake nufi da mizmaru. Ya ce algaita ce, ba shakka. Abokin zamansa, wanda ya yi kiwo a ƙuruciya, ya ce sarewa ce. Aka kira la'asar suna kan gardama.