Ovide da watan Fabrairu: ya ga mutane, bai ga taurari ba

A cikin «Fasti», wanda Faransawa ke kira «Les Fastes», mawaƙin Roma Ovide ya bi kalandar birninsu rana bayan rana. Watanni 6 kaɗai suka iso gare mu, kuma sarki Ogusta ya kore shi zuwa Tomis a shekara ta 8 miladiyya. Littafi na 2, wato na Fabrairu, ƙarshen hunturu, shi ne ya fi bayyana ƙarfinsa da rauninsa.

Ƙarfinsa yana wajen bukukuwa. Ranar 15, a bikin Lupercalia, samari suna gudu suna bugun mata da tsumagiyar fatar akuya domin su sami haihuwa. Ranar 21 ana ajiye wa matattu hatsi da gishiri. Ranar 23 maƙwabta suna yi wa dutsen iyakar gona ado. Idan asalin wata al'ada ya rikice, sai ya jera bayanai biyu ko uku, ya bar wa mai karatu hukunci. Wannan adalci ne.

Rauninsa yana sama. Taurarin kifin dolfin da na hankaka sun zame masa ƙofar tatsuniyoyin Girka, kuma masana sun nuna yakan rikita fitowar asuba da ta almuru: daga littattafai ya kwaso su.

Ƙungiyoyin da ke tattara al'adu suna da darasi a nan. Mai son rubuta lokacin fitowar Kaza da ƴaƴanta, ya zauna da manomi a waje da dare kafin ya ɗauki alƙalami.