Ba a bin mai makoki bashin hawaye

Ranar 14 ga Yunin 2020 aka tsinci gawar Sushant Singh Rajput a gidansa da ke unguwar Bandra a Mumbai. Shekararsa 34. Masu kallon finafinan Indiya a wajenmu sun san shi, shi ne ya fito a matsayin ɗan wasan kurket M.S. Dhoni a 2016. Kafin rana ta faɗi masoyansa sun fara ƙidaya: wa ya sa hotonsa a Instagram, wa bai sa ba. A cikin waɗanda ba su sa ba akwai Kriti Sanon, wadda suka yi fim ɗin Raabta tare a 2017, har aka daɗe ana raɗe-raɗin akwai soyayya a tsakaninsu. Aka yi mata ca. Zagi ya yi yawa har ƙanwarta Nupur ta fito ta roƙi jama'a su bar su su ji da abin da ya same su.

Washegari aka yi jana'izarsa irin ta addininsu. Lokacin korona ne, an taƙaita yawan masu halarta, ga ruwan sama ana yi. Kriti tana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka je. Masu zaginta suna kwance a ɗakunansu da waya a hannu, ita tana tsaye inda gawar take. Sai bayan haka ta yi rubutu a kansa, ta kuma ƙara da ƙorafi cewa yanzu duk wanda bai rubuta ta'aziyya a intanet ba ana ɗaukarsa bai ji mutuwar ba, alhali sau da yawa shi ne ya fi kowa jin ta.

Su kuma waɗanda suka yi saurin rubutawa ba su tsira ba. Mai shirya fim Karan Johar ya rubuta tun ranar farko, ya ce yana ganin laifin kansa da ya yi shekara bai nemi mamacin ba. Aka ce munafunci ne, ina yake lokacin da yaron ke da rai? Jaruma Alia Bhatt ma haka aka yi mata. To ina mafita? Ka yi shiru, ba ka da imani. Ka yi magana, neman suna kake. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba ta'aziyyar ake nema ba. Mutane ne suka ji zafi, suna neman wanda za su sauke wa.

Bayan wata biyu da rabi abin ya maimaita kansa a Amurka. Chadwick Boseman, jarumin Black Panther, ya rasu ranar 28 ga Agustan 2020 yana da shekara 43. Elizabeth Olsen, wadda suka fito tare a finafinan Marvel, ba ta rubuta komai ba, aka cika shafinta da tuhuma, a cikin 'yan kwanaki shafin nata na Instagram ya ɓace. Abin da ke ba ni mamaki a wannan labari shi ne halin mamacin kansa. Tun 2016 aka gano yana da kansar hanji, ya yi shekara huɗu yana fim yana jinya bai faɗa wa duniya ba. Da ya rame, wasu a intanet ɗin nan har ba'a suka yi masa. Mutumin da ya rufe ciwonsa haka, da sunansa ake tilasta wa wata ta buɗe zuciyarta a kasuwa. Shi kuwa abokin aikinsa Michael B. Jordan, wanda ya fi Olsen kusa da shi nesa ba kusa ba, sai da ya yi kwana uku kafin ya iya haɗa kalmomi. Abokiyar aikinsa Lupita Nyong'o ta wuce mako guda.

Haka 'yan wasan shirin talabijin na Friends, da ɗaya daga cikinsu, Matthew Perry, ya rasu a Oktoban 2023. Shekara goma suka yi suna aiki tare, daga 1994 zuwa 2004. Sauran biyar ɗin suka fitar da gajeriyar sanarwa guda bayan kwana biyu, suka je jana'iza, sannan kowa ya yi nasa rubutun bayan fiye da mako biyu.

Na kawo waɗannan ne domin ɗabi'ar ta iso mana, kuma mu ne muka fi kowa rashin uzuri a kanta. Duk wanda ke bin shafukan 'yan Kannywood ya san yadda ake yi idan aka yi rashi. Da Saratu Giɗaɗo, Daso, ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilun 2024, a ƙarshen azumi, cikin sa'o'i kaɗan hotonta ya cika ko'ina, da Innalillahi da addu'ar Allah ya jiƙanta. Wannan abu ne mai kyau, addu'a ba ta yawa. Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan irin wannan rashi, lokacin da wasu ke zaga shafi-shafi suna duba rajista kamar malamin aji. Wane bai sa ba, ashe dama suna 'yar tsama. Wance ta sa, amma layi ɗaya tak. Wancan ya sa hoton da shi ya fi mamacin fitowa da kyau.

Alhali mu muna da tsari, kuma tsarin ya fayyace wa ke bin wani. Idan aka yi mutuwa, a yi wanka, a yi sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sau da yawa a ranar. Sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mata a ciki, a yi zaman makoki na kwana uku. Mai makoki zama yake, jama'a ne ke zuwa wurinsa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce ya haƙuri, ya ce da godiya, a yi addu'a a shafa, ka tashi. Babu wanda ke leƙa idonsa ya ga ko ya yi ja. Babu wanda ke cewa ya tashi ya yi jawabi. In ya kasa amsawa ma, na gefensa ya amsa masa. Abokin mamaci na kusa, shi ma a kan tabarmar yake zama, shi ma gaishe shi ake yi. A hadisi, da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nauyin yana kan na waje ne.

Idan haka ne, jarumar da ta yi shekaru tana fitowa matar wani a fim, suna cin abinci a kwano ɗaya a lokeshan, ya kai ta asibiti ran da ta faɗi, idan ya rasu ita ce ya kamata masoya su je shafinta su ce mata ya haƙuri. Mu kuma mun juya abin, muna tsaye a ƙofarta muna jiran ta fito ta yi mana kuka.

Akwai kuma gaskiyar da masu kallo ba sa son ji. Ba duk waɗanda suka yi fim tare ne aminai ba. Fim sana'a ce. Mutum biyu za su iya yin mako uku suna soyayya a gaban kyamara, a tashi aiki kowa ya kama gabansa, ba su sake haɗuwa ba sai a wani bikin. Wasu ma an rabu ba daɗi, a kan kuɗi ko a kan wata magana. Mu da muka kalli fim ɗin sau da yawa, a zuciyarmu har yanzu suna tare. Idan irin wannan ya yi wa mamaci addu'a a sallarsa ya yi shiru, ya fi mini wanda zai zauna ya tsara dogon rubutu na ƙarya don kada a zage shi. Tilasta wa mutum nuna baƙin cikin da bai kai haka ba, koya masa riya ne.

Ban ce masu kallo ba su da hujja ko kaɗan ba. 'Yan fim ne da kansu suka buɗe ƙofar. Wanda ya saba nuna mana sabuwar motarsa, da abincin da ya ci a Dubai, da zagayowar ranar haihuwar ɗansa, ya koya wa mabiyansa cewa duk abin da ke ransa yana shafinsa. Ranar da ya yi shiru dole a lura. Kuma akwai abin da ni ma ba na iya karewa: a binne abokin aikinka da safe, da yamma ka sa bidiyon rawa ko tallar atamfa. Ko da kwangila ce aka riga aka biya, ɗaga ta kwana biyu ba zai kashe kowa ba. Wannan rashin kara ne, kuma a faɗa masa. Amma tsakanin wanda ya yi rawa da wanda ya yi shiru akwai tazara mai yawa, masu zagi kuwa a buhu ɗaya suke zuba su.

Abin da ya fi damuna shi ne arhar abin da muke nema. Sa hoto da rubuta Allah ya jiƙan rai ba ya cin minti ɗaya, wasu manyan ma yaransu ne ke riƙe musu shafin. Abubuwan da ke da nauyi ba sa fitowa a waya: wanda ya biya kuɗin asibiti, wanda ya tsaya aka biya bashin mamaci, wanda zai tuna da kuɗin makarantar marayu bayan shekara biyu, lokacin da kowa ya manta. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya sa mutane dariya tun shekarun 1980, ya tsufa a Jos ido ya tafi, sai da ya fito ya nemi taimako da bakinsa kafin rasuwarsa a 2025. Hotunan da aka sa bayan ya tafi, ihu ne bayan hari. In masoya na son su matsa wa 'yan fim lamba, ga inda ya dace: su tambayi ƙungiyoyinsu, irin su MOPPAN, wane tanadi aka yi wa tsofaffi da marasa lafiya da iyalan waɗanda suka rasu.

Don haka idan aka sake yin rashi, kuma za a yi, ka ga shafin wani jarumi shiru, kada ka rubuta masa tuhuma. Ka yi wa mamacin addu'a, in kana da hali ka nemi hanyar da taimako zai isa ga iyalansa, shi kuma mai shafin ka ce masa Allah ya ba shi haƙuri.