Ungozoma a Daren Hunturu

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, sanyin asuba a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram kan sauko har digiri 13, wata rana ma ƙasa da haka. Babban mutum sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala. A irin wannan asubar ce ake haihuwar jarirai masu ɗimbin yawa a ɗakunan iyayensu mata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan haihuwa 6 cikin 10 a gida ake yin ta, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura 8 cikin 10. Idan naƙuda ta tashi cikin dare, wadda ake buga wa ƙofa ita ce ungozoma.

Yawancinmu mun ɗauka aikinta bai wuce yanke cibiya da binne mabiyiya da wankan jego ba. A lokacin sanyi akwai aikin da ya fi waɗannan nauyi, wato tsare ɗumin jikin jariri daga faɗowarsa har ranar suna. Ungozomar da ta iya wannan gwana ce ta gaske, kuma ya kamata a san yadda take yi.

Jariri yana fitowa ne daga wuri mai ɗumin digiri 37, jikinsa jiƙe sharkaf. Fatarsa ba kauri, kansa babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, kuma ba ya iya makyarkyata kamar yadda babba ke yi don jiki ya ɗumama. Abin da Allah ya ba shi wani kitse ne na musamman a tsakanin kafaɗu da wuya da kewayen ƙoda, shi jiki ke ƙonawa ya samar da zafi. Kitsen nan ba shi da yawa. Idan aka bar shi yana ta ƙonewa, sukarin jini sai ya faɗi, yaro ya yi laushi, ya ƙi kama nono, numfashinsa ya rikice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da aka bari a jiƙe a buɗe zai iya rasa digiri 2 zuwa 4 na zafin jikinsa cikin minti 10 zuwa 20 na farko, alhali lafiyarsa tana tsakanin 36.5 da 37.5. Ungozoma ba ta lissafi da digiri. Ita dai abin da take gudu shi ne a ce sanyi ya shige shi, kuma duk motsinta a ɗakin kan wannan yake tafiya.

Tana yin sallama, kafin ma ta ajiye mayafi, idonta na kan taga da ƙasan ƙofa. Inda iska ke shigowa za ta sa a toshe da tsumma, a saki labule. Ba ta yarda a durƙusa a kan siminti ko daɓe tsirara ba, sai an shimfiɗa tabarma da leda da tsofaffin zannuwa masu tsabta. Za ta aika a ɗora ruwa, ta sa zare a tafasa, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Sai ta ware zannuwa biyu ko uku masu laushi ta sa a ɗumama su a gefen murhu, a naɗe a kawo mata. Idan ɗakin ya yi sanyi ƙwarai takan yarda a shigo da kaskon garwashi na ɗan lokaci, amma da ɗaki ya yi ɗumi sai ta ce a fitar. Ko garwashin da ya daina hayaƙi yana fitar da wata iska mai guba da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma an sha rasa mutane a ɗakin da aka rufe ruf da gawayi a ciki. Wannan dokar ba ta sassauta ta ga kowa, ko da maigida ne ya ce a bari.

Inda gwana ta bambanta da wadda ba ta ƙware ba shi ne mintunan farko. A tsohuwar al'ada, idan jariri ya faɗo akan bar shi a kwance a ƙasa, hankalin kowa ya koma kan uwa, ana jiran mabiyiya. A watan zafi wataƙila a tsira da haka. A hunturu kuwa mintunan nan ne sanyi ke yin ɓarnarsa. Gwana tana tarbar yaro da zani mai ɗumi, ta fara goge kai, ta bi baya tana murzawa da ɗan ƙarfi, wanda shi ma yana taimaka masa ya ja numfashi ya tsala kuka. Sai ta yar da zanin da ya jiƙe ta ɗauki busasshe. Mai kallo zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma jaririn da aka naɗe da jiƙaƙƙen zani sanyi yake ta sha ana zaton an rufe shi. Daga nan ta kifa shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ta juya fuskarsa gefe don hanci ya samu iska, ta lulluɓe su tare, ta sa masa hula. Hular ba ado ba ce, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zafin da jariri ke rasawa ta kai yake fita idan an bar shi a buɗe. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ta kankare shi, tana bari fata ta shanye abinta.

Cibiya kuma ba ta gaggawar yanke ta. A nan al'adarmu da ilimin likita sun haɗu, domin yanzu ana koya wa ma'aikatan asibiti su jira aƙalla minti ɗaya, jinin da ke cikin igiyar ya ƙarasa shiga jikin yaro. Tana ɗaurewa wuri biyu da zaren da aka tafasa, ta buɗe sabuwar reza daga takardarta a gaban kowa, ta yanke a tsakani.

Sai kuma rigimar wanka, wadda kusan ba gidan da ba a yin ta. Kakar yaro za ta matso ta ce, “Inna, ba za a wanke shi ba? Kada fa ƙarni ya bi shi har girma.” Ungozomar da ta san hannunta ba ta musu da surukar gida a gaban mutane. Sai ta yi murmushi ta ce, “Hajiya, na goge shi tas, duba ki gani. Bari dai ya kwana a jikin uwarsa. Gobe da hantsi ni da kaina zan wanke miki angon naki, ki zo ki karɓe shi yana ƙamshi.” Da wasan kaka da jika ta sayo wa yaro yini guda na ɗumi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan, a jinkirta wankan farko har awa 24, idan al'ada ta matsa to kada ya gaza awa 6. A ganina iya lallashin nan rabin sana'ar ne, domin sani bai da amfani idan mutanen gida suka ƙi shi.

Haka take yi da maganar dakashi. Har yanzu akwai gidajen da ake matse nonon farko a zubar, wai bai da kyau, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar dabba kafin “nono mai kyau” ya zo. Gwana tana sa yaro a nono tun cikin awar farko. Dakashin nan shi ne abincin da jiki zai ƙona ya yi ɗumi, shi ne rigakafinsa na farko, kuma tsotson yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Shi kansa wankan jaririn abin kallo ne. Sai rana ta ɗaga, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafafu bisa daro, ta kwantar da yaro a kan ƙwaurinta. Kafin ta tuɓe shi komai na kusa da hannunta: sabulu, tawul, mai, riga, hula. Ruwan da gwiwar hannu take gwada shi, don tafin hannun da ya saba da murhu ba ya faɗin gaskiyar zafi. Kai take fara wankewa, sauran jiki na naɗe, ta tsane shi ta rufe, sannan ta buɗe jiki. Hannu ɗaya na tallafe da wuya da haɓa, ɗayan na zuba ruwa yana bin matsematsi, wuya da hammata da cinyoyi. Kafin yaro ya gama shirya kukansa an gama. Sai ta lakato man kaɗanya ta narkar da shi a tafukanta har ya yi ɗumi, ta bi jikin da tausa, ta miƙe hannuwa ta naɗe, ta miƙe ƙafafu. Iskar hunturu busar da fata take yi har ta tsage, man nan shi ke tare ta.

A da, bayan wanka sai gashin cibiya da tsumma mai zafi ko katangar tukunya, wasu su barbaɗa toka ko su shafa abin da ya zo hannu. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, har da tetanus mai sandarar da jariri ya kasa kama nono. Ungozomomin da suka samu horo sun koma shafa maganin chlorhexidine, wanda jihar Sakkwato na cikin na farko da suka fara raba shi gida-gida a 2013. Sau ɗaya a rana ake shafawa har kwana 7, kuma za ka ji tana nanata wa maijego cewa na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take auna yaro ba tare da na'ura ba. Duk shigowarta, kafin a gama gaisawa, bayan hannunta ya kai tafin ƙafarsa, sannan cikinsa. Idan duka biyun da ɗumi, lafiya lau. Idan ƙafa ta yi sanyi ciki da ɗumi, sanyi ya fara kama shi, sai a mayar da shi ƙirjin uwa a ƙara rufi a ba shi nono. Idan ƙafa da ciki duk sun yi sanyi, magana ta wuce gida. Wannan gwajin hannu har a littattafan horar da ma'aikatan lafiya yana nan. Ba ta kuma yarda a jibga masa barguna har ya jiƙe da gumi, don gumin in ya huce shi ma sanyi ne.

Idan bakwaini ne, ko ɗan ƙaramin da bai cika nauyi ba, za ta ɗaure shi da zani a tsakanin nonon uwarsa, daga shi sai hula da ƙyallen tsuguno, a nufi asibiti da shi a haka. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara wannan dabara a asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun yi musu kaɗan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta nan take bayan haihuwa ga bakwaini da duk wanda bai kai kilo 2.5 ba. Matan da suka tashi da goyo tun suna 'yan mata ba sa shan wuyar koyon ta.

Maijego ma tana ƙarƙashin idonta. Wankan ganye da ruwan zafi safe da yamma yana da daɗi a hunturu, amma gwana tana surka ruwan, ba ta yarda a saluɓe wa yarinya fata da sunan gyara ba. Kunun kanwa tana sa a rage masa kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciya da ke kama masu jego, suka ja kunne kan yawan kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Sauran yaran gida kuwa, waɗanda sanyi ke korowa bakin murhu, ita ce mai daka musu tsawa su matsa daga tukunyar ruwan wanka, ta hana mai mura sumbatar ƙaninsa.

Ba na ɓoye ra'ayina: haihuwa a asibiti a hannun ƙwararriyar ma'aikaciya ta fi aminci, kuma ungozoma ta gari ita ce ta farko da za ta tura mai ciki awo. Ta san abin da hannunta ba zai iya ba. Mace ta yini ko ta kwana a kan gwiwa ba ci gaba, hannu ko ƙafa ya rigayi kai fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga: ba ta tsayawa jiƙa magani. Za ta leƙa zaure ta ce, “Malam, a nemo mota yanzu,” ta ɗauki mayafinta ta shiga tare da su. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da jinkirin awanni kaɗan ke jawo wa 'ya mace.

Ranar suna aikinta bai ƙare ba. Ita ke cewa wanzami ya dakata da aski sai hantsi ya dubi ludayi, a mayar da hula da zarar an gama. Mata na shigowa da “barka da arziki, Allah ya raya”, kowa na miƙo hannu, ita kuma tana gefe tana cewa a murza hannu ya yi ɗumi tukuna, in yaro ya zaga hannu uku ta karɓe shi ta mayar wa uwarsa. Ladanta a ƙarshe ɗan kuɗi ne da sabulu da kason naman rago, abin da bai kai rabin wahalarta ba.

Ga duk gidan da ke jiran haihuwa a hunturu, a je awo, a yi niyyar asibiti. A kuma tanadi zannuwa masu tsabta da hula da sabuwar reza da maganin cibiya tun wata bai kama ba, a ajiye lambar mai mota da kuɗin mai, don naƙuda ba ta sallama. Idan ungozoma ta ce a bar wanka sai gobe, a bari. Idan ta ce a nemo mota, maigida ya tashi a lokacin, kada a ce sai gari ya waye.