Fenti Ba Ya Riƙe Inji: Yayin Gyaran Tsofaffin Jiragen Shaƙatawa a Gida

A Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashen da mallakar ƙaramin jirgin ruwa don yawon shan iska ta zama al'adar masu matsakaicin ƙarfi, an daɗe ana sayen tsohon jirgi a ɗora shi kan tirela a ja shi gida don a gyara, amma abin bai zama yayi ba sai a 'yan shekarun nan, musamman daga 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, sababbin jirage suka yi tsada suka kuma yi wuyar samu, YouTube kuma ya cika da bidiyon waɗanda suka tsinto mushen jirgi a cikin ciyawa suka mayar da shi sabo fil. Sha'awar kanta abar yabo ce, domin duk wanda ya ceto abin da aka yar ya dawo da shi bakin aiki da hannunsa ya cancanci jinjina. Abin da ke ɓata rai shi ne yadda yayin ya kifar da tsarin aikin, har ya kai ana fara gyara da abin da ido ke gani, a kashe kuɗi da ƙarfi a kan fenti da kujeru da fitilu, a bar abin da ke riƙe da jirgin, wanda a kansa rayukan mahaya suka dogara, ba tare da an ko leƙa shi ba.

Mafi yawan jiragen da ake wannan hidima a kansu ba na katako ba ne, na faibagilas ne, wanda aka fi taƙaitawa da faiba, wato zaren gilashi da ake shimfiɗawa hawa-hawa a cikin mazubi a jiƙe shi da rezin, wani ruwan roba mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri. An fara gwada shi a Amurka cikin shekarun 1940, amma kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai da ƙaramin jirgin Boston Whaler mai tsawon ƙafa 13 ya fito a 1958, sannan aka nuna Pearson Triton, jirgi mai filafilai da iska ke turawa, mai tsawon ƙafa 28, a bikin baje kolin jirage na New York a 1959. Zuwa 1971 har kamfanin Chris-Craft, wanda ya yi suna a kan jiragen katakon mahogani, ya ƙera na katakonsa na ƙarshe. Jiragen da aka yi ta ƙerawa daga wancan zamani zuwa shekarun 1990 su ne a yau suke jibge a bayan gidaje ƙarƙashin yagaggen tamfol, kuma an sayar da su ne tun farko da alkawarin cewa faiba ba ya ruɓewa. Alkawarin gaskiya ne, amma rabin labari ne, domin faiba shi kaɗai yana lanƙwasa, don haka masu ƙira suka cusa katako a cikinsa a duk wurin da ake buƙatar ƙarfi.

Bangon baya, wato faffaɗan allon da ake rataya inji a jikinsa, a yawancin waɗannan jirage filawud ne mai kauri da aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Haka ma dogayen katakan da ke kwance ƙarƙashin daɓe daga gaba zuwa baya, waɗanda su ne ƙashin bayan jirgi. Haka ma daɓen kansa. Kowace huda da aka taɓa yi a wannan lulluɓi, ko ta ƙusoshin inji, ko ta kafar tsiyaye ruwa, ko ta sukurorin da wani mai jirgi ya ɗaura tsani da su shekaru talatin da suka wuce bai toshe gefensu da kyau ba, ƙofa ce ta shigar ruwa, kuma ruwan da ya shiga tsakanin fatu biyu na faiba ba shi da hanyar fita. Ruwan sama ma ya fi na teku ɓarna a nan, saboda funfunar da ke cin katako ta fi jin daɗin ruwan da ba gishiri, shi ya sa jirgin da ya yi shekaru a ajiye a tudu da hancinsa ƙasa, ruwa na taruwa a cikinsa, kan fi wanda ake hawa kullum lalacewa. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuwa ruwan kan daskare ya kumbura ya raba faiba da katako, damina da hunturu su yi ta karɓa-karɓa, har cikin allon ya koma baƙin gari mai danshi alhali fatarsa ta waje tana nan sumul.

Gano wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Ana bin bangon da ƙaramar guduma ko ƙotar sukundireba ana ƙwanƙwasawa taki-taki, inda lafiyayyen wuri zai amsa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓen kuma ya amsa a dakushe. Ana ɗaga ƙafar inji sama a danna ta da ƙarfi ana kallon bangon, wanda bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Idan an yi shakka sai a huda 'yar kafa daga ciki, kusa da ƙasa, a duba abin da bakin mahudin ya fito da shi: ɓurɓushin katako mai haske a bushe alama ce ta lafiya, baƙin abu mai laima da wari kuwa ya gama ba da amsa. Duk wannan ba ya cin rabin yini, kuma shi ne ainihin abin da ba kasafai ake gani ba a cikin gajerun bidiyon da suka haifar da yayin.

Dalilin ɓoyewar ba mai wuyar ganewa ba ne. Kyamara tana son injin goge jiki yana bin fatar jirgi da rana ta ƙona ta yi fari-fari, rabi a dushe rabi yana ƙyalli, domin cikin daƙiƙa goma mai kallo ya ga canji ya ji daɗi. Sauya bangon baya kuwa aikin makonni ne na yanka fatar ciki, da kankare ruɓaɓɓen katako, da gurza faiba cikin ƙura mai sa ƙaiƙayi wadda ba a shaƙarta sai da abin rufe hanci na gaske, sannan a manna sabon filawud da efoksi, wani rezin da ya fi wanda aka ƙera jirgin da shi riƙo da hana ruwa, a sake lulluɓewa hawa-hawa. Bayan an gama duk wannan wahala kuma jirgin zai fito da kamanninsa na jiya, babu abin nunawa. Saboda haka sabon shiga, wanda bidiyo ne malaminsa, yake tashi da fahimtar cewa gyaran jirgi shi ne sabon kafet da kujerun leda farare da manyan sifikoki da fitilu masu sauya launi a ƙarƙashin ruwa. Misalinsa misalin wanda ya sami gidan ƙasa da gara ta cinye azararsa, ya yi masa shafen siminti da farar ƙasa, ya kwashe iyalinsa ya zuba a ciki ana gab da damina. Wasu ma ba su tsaya nan ba, sai sun cire tsohon inji sun rataya sabo wanda ya fi shi nauyi da ƙarfin doki a kan wannan bango da ba a gwada ba, alhali akwai ɗan allo a jikin yawancin ƙananan jirage da ke faɗar iyakar ƙarfin injin da aka ƙera su su ɗauka.

Ƙarƙashin daɓe akwai wani abin da ake wa irin wannan riƙon sakainar kashi. Bayan dokar kiyaye lafiyar jiragen shaƙatawa da Amurka ta kafa a 1971, an wajabta wa ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su kasance da abin da zai hana su nutsewa ko da ruwa ya cika su, abin da masu ƙira suka cika ta hanyar ɗura kumfar roba a cikin ramukan ƙasa. Idan wannan kumfa ta yi shekaru cikin ruwa takan sha ta yi nauyi, ta daina aikin da aka sa ta, ta kuma riƙa jiƙa katakan da ke maƙwabtaka da ita. Mai gyaran gaggawa yakan ji daɓe yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya shimfiɗa sabon filawud a kan tsohon ya rufe da kafet, ya ƙara wa jirgin nauyi a sama bai rage ko ɗigon ruwa a ƙasa ba.

Sha'anin fetur da lantarki ya fi duk waɗannan saurin kisa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, kuma a mota yakan zube ƙasa iska ta kwashe, amma cikin jirgi kwano ne da ba kafa, don haka tururin yake kwanciya a ƙasan ɗakin inji yana jiran tartsatsi. Wannan ne ya sa sitata da altaneta na jirgi ake ƙera su a rufe yadda tartsatsinsu ba zai fito ba, ake kuma umartar mai jirgi ya kunna fankar zuƙe tururi na minti 4 kafin ya tada inji. Tun da yawancin injinan cikin waɗannan jirage asalinsu injinan mota ne, kayan mota suna shiga daidai kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ake yawan ɗaura su, ana manta cewa araha ba ta ado. Ga kuma fetur na yanzu a Amurka, wanda galibinsa gauraye yake da itanol kashi 10 cikin 100, yana cin tsofaffin robobin mai, yana narkar da cikin wasu tsofaffin tankunan faiba. Jirgin da aka kashe masa dukiya wajen fenti aka bar masa robar mai ta shekarun 1980 ba gyararre ba ne, kallon kitse kawai ake yi wa rogo.

Abin takaici shi ne aikin gyaran Tally Ho, wanda masu wannan yayi suke yawan ambata a matsayin abin koyi, yana koyar da akasin abin da suke yi. Tally Ho jirgin katako ne mai filafilai wanda Albert Strange ya zana, aka ƙera shi a Ingila a 1910, ya kuma ci tseren jiragen ruwa na Fastnet a 1927 cikin mummunan yanayin da ya sa jirage biyu kacal suka kai ƙarshe. A 2017 wani maƙerin jirgi ɗan Ingila, Leo Goolden, ya karɓe shi a jihar Oregon ta Amurka a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya kai shi jihar Washington, kuma bai koma ruwa ba sai 2024. Duk wanda ya bi bidiyon aikin daga farko ya ga cewa shekarun farko sun tafi ne a kan sabon ƙashin baya da sababbin haƙarƙari da sababbin falankai, har kusan babu katakon asali da ya rage, kuma ƙyallin da ake yaɗa hotonsa a yau shi ne abu na ƙarshe da aka taɓa. Wannan kuwa ƙwararre ne da ya sami taimakon ma'aikata da 'yan sa kai da gudummawar masu kallo, amma duk da haka sai da ya ci shekara bakwai.

Gaskiya ne fenti ba ado kaɗai ba ne, yana kare faiba daga rana, kuma ganin jirgi ya fara kyau yakan ƙarfafa wa mai aiki gwiwa. Akwai kuma masu gyaran gida da dama da suke bin tsari fiye da wasu masu karɓar kuɗi. Sai dai wannan bai sauya komai ba game da abin da ya kamata a fara.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mai jirgin ba. Jirgin da aka ba mutum kyauta yakan zama mafi tsadar abin da ya taɓa mallaka, domin da zarar ya gano ruɓar bayan ya riga ya kashe kuɗinsa a kan kwalliya, hanya biyu ce take rage masa. Ko dai ya watsar da shi, jirgin ya shiga sahun mushen faiba da ba ya ruɓewa kuma narkar da shi don sake amfani ke da wuya, matsalar da ta sa Faransa ta kafa tsarin tarwatsa tsofaffin jiragen shaƙatawa ƙarƙashin ƙungiyar APER a 2019, kuma wadda masu bincike na Jami'ar Brighton suka nuna wani ɓangarenta da suka sami ɓurɓushin faiba a jikin kawa, wata dabbar ruwa mai ɓawo da ake ci, a mashigin Chichester da ke Ingila. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya rubuta cewa an gyara shi tsaf ya sayar wa wani sabon shiga, wanda zai ga ƙyalli ya biya, ya ɗebi 'ya'yansa ya nufi tafki. Sabon fenti a kan ruɓaɓɓen bango yana share tsagogin da ke kewaye da ƙusoshin inji da jan tabon da ke tsiyayowa daga cikinsu, waɗanda su ne kaɗai gargaɗin da mai saye zai iya gani da idonsa, kuma wannan ha'inci ne ko da mai sayarwar bai yi niyyarsa ba.

Masu ɗora bidiyon nan, waɗanda dubban mutane ke kwaikwayo, su ne suka fi kowa ikon gyara lamarin, ta hanyar nuna guduma da mahudi da baƙin garin da ya fito kafin su nuna injin goge jiki, su kuma faɗi adadin makonni da kuɗin da aikin ɓoye ya ci. Shi kuma mai sha'awar da ya ga jirgi a bayan wani gida zuciyarsa ta kwanta da shi, ya je da gudumarsa ranar farko, ko ya biya masanin binciken jirage ya duba masa idan jirgin babba ne, ya gwada bangon baya da ƙashin baya da daɓe, ya buɗe ya ga kumfa, ya bi robar mai da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya sayi gwangwanin fenti ko ɗaya sai waɗannan sun tabbata lafiya.