Mudun Baƙo a Kasuwar Daura: Nazari a Kan Ƙa'idar Darussan Intanet

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ina koyar da Hausa a wata cibiya mai zaman kanta a ƙasar Daura, inda ake shirya ɗalibai domin jarrabawar fita sakandare. Hukumar cibiyar ta kama hayar wata manhaja ta gudanar da karatu a intanet, irin wadda malami ke zuba darasi a cikinta, ɗalibi ya shiga da wayarsa ya karanta ya amsa tambayoyi, ita kuma ta riƙe maki. A wannan maƙala zan kira irin wannan manhaja "zauren intanet", tun da nan ne mazaunin malami da ɗalibansa. Na yi wata huɗu ina rubuta darussan nahawu da adabi, ina naɗar murya cikin dare idan unguwa ta yi tsit. Da shekara ta zagayo sai cibiyar ta raba gari da kamfanin, ta koma wani zaure. Darussana suka ƙi tashi su bi mu. Tambayoyin da na tsara da makin ɗalibai suka tafi da tsohon zauren, ɗan abin da aka kwafo kuwa ya iso da rauni, domin duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, alamar tambaya ce ta zauna a gurbin.

Da na yi ƙorafi, wani masanin kwamfuta ya ce laifinmu ne: da mun shirya darussan a kan ƙa'idar SCORM, da ba mu yi asara ba. Wannan magana ta sa na nemo ƙa'idar na karanta ta kamar yadda nake karanta littafin adabi, ina tambayar wane ne ya rubuta, don wa, me ta faɗa, me kuma ta yi shiru a kai. Na tarar mutumin yana da gaskiya, amma rabinta ya riƙe. Ƙa'idar mudu ce mai kyau, sai dai an sassaƙa ta ne domin wata kasuwa, kuma duk wanda zai auna karatun ɗan Daura da ita ya kamata ya san inda take yoyo.

Asalin ƙa'idar da yadda take aiki

Ba a tsangayar ilimi ta wata jami'a aka haifi SCORM ba. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa wani shiri mai suna ADL a 1997, domin ta gaji da biyan kuɗin darussan horar da sojoji waɗanda ba sa aiki sai a manhajar kamfanin da ya ƙera su. Shirin ya fitar da bugu na farko a 2000, sai bugun 1.2 a 2001, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, sannan SCORM 2004. Kafin su, kamfanonin jiragen sama sun riga sun kafa tasu ƙungiyar, AICC, tun 1988, domin irin wannan manufa.

Abu biyu ƙa'idar ta tsara. Na farko, yadda za a ɗaure darasi: a tattara rubutu da hotuna da murya cikin ƙunshi ɗaya, a saka masa takardar bayani mai lissafa abin da ke ciki da yadda aka jera shi, ta yadda kowane zaure mai bin ƙa'idar zai kwance shi ya gane. Na biyu, yadda darasi zai yi magana da zaure: idan ɗalibi ya buɗe shi ya yi sallama, yana tafe yana aika rahoton inda aka tsaya da makin da aka ci da tsawon lokacin da aka ɗauka, idan an gama ya yi bankwana.

Yabon gwani

Yabon gwani ya zama dole. Mu mutanen Daura muna da misalin amfanin irin wannan daidaito a ƙofar gida. Tsohon layin dogo da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma ya ratsa ta Daura, faɗinsa milimita 1,435. Taragon da aka ƙera domin ɗaya ba zai hau ɗayan ba, komai kyansa. Haka darussana suka kasance: tarago ne da aka ƙera a kan layin kamfani guda. Da an ɗaure su a kan SCORM, da sun hau Moodle, zauren kyauta da Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, ko wani zauren daban, ba tare da na sake rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙa'idar ta ƙwace linzami daga hannun mai sayar da manhaja ta miƙa wa makaranta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurin da kuɗin makaranta ba su kai a saya a zubar ba.

Inda mudun ke yoyo

Duk da haka, kowane rubutu yana ɗauke da kamannin wanda aka rubuta dominsa. Ɗalibin da SCORM ta hango soja ne ko ma'aikaci, zaune shi kaɗai gaban kwamfutar ofis, wuta ba ta ɗaukewa, sadarwa ba ta yankewa. Shi ya sa aka gina hirar darasi da zaure a kan zaton cewa layi a buɗe yake daga sallama har bankwana. Ɗalibina kuwa yana Zango ko Baure ko Sandamu, da wayar yayansa ta aro, yana ƙirga datarsa kamar yadda uwargida ke ƙirga ƙwayar ashana. Na kusa da iyaka a Mai'adua wani lokaci wayarsa kan kama sadarwar Nijar ta saki ta gida. Idan layi ya yanke kafin rahoto ya isa, zaure zai iya rubuta cewa yaron bai gama ba, alhali ya karanta har ƙarshe. Gaskiya ne manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke ƙunshin SCORM 1.2 a yi aiki da shi babu sadarwa, rahoto ya tafi daga baya. Amma wannan kirkin maƙeran manhajar ne, ƙa'idar ba ta wajabta wa kowa ba.

Yoyo na biyu ya fi damuna a matsayina na malami. A bugun 1.2, hukunci shida kaɗai darasi zai iya yankewa a kan ɗalibi: ya ci, ya faɗi, ya kammala, bai kammala ba, ya leƙa, ko bai taɓa ba. Ga mai koyon ɗaure ƙusar jirgi wannan zai iya wadatarwa. Amma da wanne daga cikin shidan zan bayyana yarinyar da ta fassara karin magana ta wata fuska da ban taɓa tunani ba? A mafi yawan darussan da ake ɗaurewa haka, "kammalawa" na nufin ɗalibi ya danna har shafin ƙarshe. Na ga yaro ya kammala darasin awa guda kafin shayinsa ya huce. Haɗarin shi ne, abin da mudu ke iya aunawa shi ake kawowa kasuwa. Malami ya ga tambayar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu da ire-irenta ne kaɗai zaure ke yi wa maki da kansa, sai ya daina ba da insha'i da muhawara, a hankali darasi ya rame har ya yi daidai da ma'aunin.

Na uku, ƙa'idar buhu ta tsara, ba ta duba hatsin da ke ciki. Darussa masu yawa da aka ɗaure a kanta da fasahar Flash aka yi su, da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, sai ga buhuna cikakkun ƙa'ida waɗanda ba sa buɗuwa. Haka zancen haruffanmu yake. Tsarin Unicode ya tanadi gurbin ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Amma SCORM ba ta tilasta wa mai shirya darasi ya adana rubutunsa a wannan tsari ba, ba ta kuma tilasta a zaɓi salon haruffan da ke da lanƙwasa. Ga wanda bai san Hausa ba wannan ƙaramin abu ne. Ga mai koyar da ita kuwa, lanƙwasar ce ta raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Darasin ƙa'idojin rubutu da ya rasa lanƙwasa ya koyar da kuskuren da aka shirya shi domin ya gyara.

Na huɗu shi ne abin da masanin nan bai gaya mini ba. SCORM darasi take ɗauka daga zaure zuwa zaure, ba tarihin ɗalibi ba. Makin yarana a rumbun tsohon zauren yake, kuma ko da mun bi ƙa'idar sau da ƙafa, da can zai zauna. An yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da sabuwar ƙa'ida mai suna xAPI a 2013, wadda ke rubuta kowane aiki a jimla mai sauƙi, wane ya yi kaza a kan kaza, ta ajiye a rumbu mai zaman kansa, kuma ana iya tara jimlolin a waya a aika idan sadarwa ta dawo. Ci gaba ne na gaske, sai dai tarin jimloli ba shi ne shaidar fahimta ba.

Mudun gida

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, matsalar da Amurkawa suka zauna warwarewa a 1997, makarantun allo na ƙasar Hausa sun daɗe da samo mata hanya. Karatun a kashe yake zuwa izu 60, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Almajirin da ya tashi daga wata tsangaya a Daura ya nufi gabas ba ya ɗaukar takardar shaida. Da ya faɗi izun da ya tsaya, sabon malami ya gane matsayinsa, domin ma'aunin ɗaya ne ko'ina. Sannan malamin ba zai karɓi maganar haka nan ba, zai ce ya karanto ya ji. Kuma ba a wanke allo don yaro ya kai idonsa layin ƙarshe, sai ya biya a gaban malami ya gamsar. Sunayen kolo da titibiri da gardi da alaramma matakai ne da kowa ya san nauyinsu.

Ba ina cewa tsarin allo ba shi da nasa matsaloli ba, kowa ya san halin da almajirai da yawa ke ciki a yau. Haka kuma aikinsa ya fi sauƙi, tun da matanin guda ne ba ya canzawa, saɓanin darussan injiniya ko shari'a. Abin da nake nunawa shi ne ya haɗa abu uku da SCORM ta raba: rabon karatu da kowa ya yarda da shi, tarihin da ke tafiya tare da ɗalibi, da hukuncin kammalawa da ke hannun mutum mai kunne. SCORM ta ƙware a na farko, ta bar na biyu, ta miƙa na uku ga maɓallin dannawa.

Kammalawa

Daura tana kan gaɓar da wannan zance ke da nauyi. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na shekarar, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su. A matakin ƙasa kuma an ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport a 2022, haɗin gwiwar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darussan da malamanmu za su rubuta a shekarun nan su ne jarin da za a gada, kuma sharaɗin da aka sa hannu a kai yau shi zai nuna ko za su rayu.

Shawarata ga duk makarantar da za ta kama zaure ita ce ta nemi ƙa'idar duniya, kada ta yarda da darasin da ba ya fita daga hannun kamfani, sannan ta ƙara nata sharuɗɗa a rubuce. A gwada darasin a ƙaramar waya, a kashe data a tsakiya, a ga ko aikin yaro ya tsira. A rubuta jimla mai ƙ da ɗ da ɓ, a fitar da ita a mayar, a ga ko ta dawo da lanƙwasarta. A tabbatar makaranta za ta iya kwashe maki da tambayoyi duk ranar da ta so, kuma malami ya riƙe asalin rubutunsa da muryarsa a wajen ƙunshin. A ƙarshe, kada kalmar "ya kammala" ta hau takardar ɗalibi sai malami ya ji daga bakinsa ko ya karanta daga hannunsa.

Ni dai na sake rubuta darussan nan daga farko. Yanzu kowanne yana ajiye wuri uku, kuma a ƙarshen kowanne akwai aiki guda da na'ura ba ta iya yi wa maki: ɗalibi ya naɗo muryarsa na minti biyu, ya bayyana mini abin da ya gane da Hausarsa. Sai na saurara nake ce masa ya wuce gaba.